Gwaggo Hansai da Waƙar Korar Jan-baki

Kafin ka ga Gwaggo Hansai, ka ji ta. Ƙacau, ƙacau, ƙacau! Gwangwanin madara ne da tsakuwa a ciki, ɗaure a ƙugunta da igiyar kaba, rani da damina. Da shi take zuwa gona, da shi take zuwa biki. Da shi ta je asibiti a Haɗejiya, aka ce ta cire za a ɗauki hoton ƙirjinta, ta dubi ma'aikaciyar ta ce, "'Yar nan, ƙirji yana sama, gwangwani yana ƙasa. Ɗauki naki ki bar mini nawa."

Ni ce Larai, 'yar ƙaninta. Sai da na aurar da 'ya'ya biyu sannan na shiga makarantar yaƙi da jahilci, don haka wanda ya ga rubutuna ya karkace ya gyara a ransa, kada ya kawo mini. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, a zaman makokinta kowa ya ba da labarin waƙar nan yadda ya ga dama, musamman ɗanta Habu, taubashina, wanda ya yanke duk inda bai yi masa daɗi ba. To ni ina wurin daga farko har ƙarshe.

Kun san Gwaggo da waƙa. Ba ta tambayar wa ya yi ta. Tambayarta ɗaya ce: "Wane aiki take yi?" A wurinta akwai waƙar daka, akwai ta niƙa, akwai ta reno, akwai ta masunta in suna jan taru. Wadda ba ta da aiki kuwa sunanta "zaman banza mai ganga". Ita kuma nata aikin korar jan-baki ne, tsuntsayen nan da ke kwana a cikin ciyawar kacala, su taso da safe kamar hadari su sauka a kan shinkafa in ta fara nono. Tun tana budurwa take kan rumfar gadi a fadamarmu ta wajen Kirikasamma, tana kaɗa gwangwani tana ihu. Muryarta har tsallaken kogi ana ji. Ta taɓa ce mini, "Larai, mutane suna cewa kukan tsuntsu da daɗi. Ni ban taɓa jin sa ba sai gabana ya faɗi."

To a daminar bara ciwon maƙogwaro ya kama ta, murya ta tafi, sai raɗa. Ni na zama bakinta: ta raɗa mini, in faɗa da ƙarfi. In ta manta zagi kuma in ƙara mata daga nawa.

Habu, mai shagon kayan babur a cikin gari, ya zo ya durƙusa. Ya ce, "Inna, gadin nan ya fi ƙarfinki. Akwai mai injin ban-ruwa da ke son fadamar. A ba shi haya, ki dawo gari ki huta."

Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, "wancan" take ce masa. Ta raɗa mini, na ce, "Ta ce ka gaya wa wancan, wato kai, a bar mata daminar nan. In shinkafa ta shiga buhu, fadama tata ce har ta mutu. In tsuntsu ya cinye, ka ba wa wanda ka so."

Ya ce, "To ki ɗauki masu gadi."

"Ta ce ba ta ciyar da ƙato ya yi barci a rumfarta."

Ya yarda, don ya tabbata tsuntsu zai yi masa aiki.

A lokacin ne waƙar nan ta fito. Kun san ta, ba sai na faɗi sunanta ba, wadda wani saurayi ya yi a Kano, ta cika kowace waya da kowane ɗan acaɓa. Ƙarfe yana ƙara a cikinta, caka-caka-caka, sai yaron ya kwarma ihu sau biyu, sai ƙarfen ya dawo. A wani suna a gidan Ya Falmata mai busasshen kifi, ƙawar Gwaggo ta faɗa da shiri, aka saka ta, gardama ta tashi. Habu ya leƙo zaure kawo goro, aka jawo shi ciki.

Ya ce, "Ai wannan afrobit ce, salon Legas. Waƙar soyayya ce, budurwarsa yake kira."

Ya Falmata ta ajiye ludayi. Ta ce, "Legas ɗin wa? Gangar mutanenmu ce ta wajen Nguru, ya saci kiɗan ya sa masa wando. Ni da aka kai ni ɗaki da shi!"

Wata ta ce a'a, daga fim ɗin Indiya aka ɗauko, ba ku ji sarewa a ƙarshe ba? Gwaggo tana gefe ta karkata kai, hannunta a kan gwangwani. Can ta ja zanina.

Na ce, "Ku yi shiru! Gwaggo ta ce duk ƙarya kuke yi. Waƙar korar jan-baki ce."

Gida ya ɗauki dariya. Habu har da riƙe ciki.

"Ta ce in budurwa yake kira da wannan ihun, to budurwar tana kan itace. Ta ce ku bincika, uwar yaron nan ko kakarsa 'yar fadama ce, a bayanta ya ji wannan yana goye."

Habu ya ce, "Inna, babu irin wannan rukunin a waƙoƙin duniya."

"Ta ce duniya ba ta noma shinkafa ne?"

Wani da ya ji haka zai bar zance a gidan suna. Ba Gwaggo ba. Washegari ta aike ni shagon Habu in ce tana son aron sifikar da yake kiran masu saye da ita, da batir ɗin sola. Ya ba ni yana murmushi, ya ce in an gama wasa a dawo masa da kayansa. Muka ɗaure ta a kan rumfa. Ta sa aka kira Ya Falmata, wai don kada ta ce an yi a bayan idonta.

Hantsi bai yi ba sai ga jan-baki sun taso daga kacala, sama ta yi duhu. Gwaggo ta ce a fara da adalci. Aka sa wata waƙar Indiya mai sanyi. Wallahi sauka suka yi suka gyara zama, kamar an kira su walima. Aka sa gangar Ya Falmata daga wayarta. Suka ɗan ɗaga, suka koma gefen gona suka ci gaba.

Ya Falmata ta ce, "Sun motsa dai! Kun gani, sun motsa!"

"Ta ce rawa suka yi miki."

Sai aka sa waƙar yaron Kano. Ƙarfen nan ya fara, ihun ya biyo baya. Jama'a! Gona ta tashi gaba ɗaya kamar an yaye tabarma, suka yi gabas ba su waiwayo ba. Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta dubi ƙawarta, ta raɗa da kanta, ba ta bi ta kaina ba: "Wane aiki take yi?"

Ya Falmata ta ce, "Tsuntsu ba alƙali ba ne." Amma kullum da safe sai ga ta a fadama da ƙullin kifi, wai ta zo ganin ƙarshen ƙarya.

Akwai shirin da ake yi a rediyo ran Juma'a, inda ake jera waƙoƙin da aka fi nema. Waƙar nan ta hau ta ɗaya ta zauna, mako bayan mako. Gwaggo da ba ta sauraron komai sai sanarwar rasuwa, ta zama ba ta wuce shirin. In aka ce ta ɗaya, sai ta gyaɗa kai kamar ɗanta ne ya ci jarrabawa. Rannan mai shirin ya buɗe waya, ana ta musu a kan ko afrobit ce ko gargajiya ce aka yi wa kwalliya. Ta ce in buga. Muka samu shiga, na faɗi saƙonta kalma kalma. Mutumin ya yi dariya ya ce, "Hajiya, wannan rukunin ba ya cikin jerinmu." Gwaggo ta fizge wayar, ta kanga ta a ƙugu, ta kaɗa masa gwangwani daidai da bugun waƙar, babu kuskure ko ɗaya. Can ya ce, "To, masu sauraro, kun dai ji." Garin nan kaf an ji. Habu ya yi kwanaki ana tsayawa a shagonsa ana kaɗa masa makulli.

Sai abin ya juya. Shinkafa ta sunkuya, saura kaɗan a yanka, sai wata sabuwar waƙa ta ture tamu, ta sauko ta huɗu. A makon nan kuma jan-baki suka daina jin tsoro. Na rantse muku, na ga guda uku a kan sifikar kanta, tana ihu suna gyaran fiffike. Gefen gona na yamma ya zama ƙaiƙayi.

Habu ya zo a kan babur, ya tsaya a kan kunyar gona ya duba. Bai yi dariya ba, in faɗi gaskiyarsa. Ya ce, "Inna, ya isa. Ki sauko. Mutane sun gaji da waƙar, tsuntsu ma ya gaji."

Ta daɗe tana kallon gonar. Sannan ta ja zanina.

"Ta ce laifin yaron ne, rabin abin ya ɗauko. Ya ɗauki gwangwani da ihu, ya bar shirun. Ta ce mai gadi ba ya ihu a jere kamar injin markaɗe. Shiru ake yi, a bar su su sauka, su sa baki, sannan a fasa musu. Duk abin da aka san lokacin zuwansa, ba mutum ba tsuntsu, an daina jin sa."

Ta ɗora babban yatsa a kan makunnin sifika ta kashe. Fadama ta yi tsit. Jan-baki suka sauko, suka sauko, har suka rufe gonar. Sai ta kunna daidai kan ihun, ta kaɗa gwangwani, ni da Ya Falmata muka kwarma namu. Rabi suka tashi. Rabi suka zauna, don muryoyinmu na tsofaffi ba su kai ƙarshen gona ba. Gwaggo ta buɗe baki ta yi iya ƙoƙarinta, jijiyar wuyanta ta miƙe, babu abin da ya fita sai iska.

Ban san lokacin da Habu ya hau rumfar ba. Kawai na ji wani ihu a bayana wanda na rabu da ji tun kafin ciwonta. Muryarta ce sak, a ƙirjin namiji, har da karyewar nan ta ƙarshe. Tsallaken kogi sai da aka amsa. Gona ta tashi fes.

Ya tsaya yana haki, hula a hannu, kunya ta kama shi. Ya ce, "Amma dai Inna, afrobit ce."

Ta raɗa mini. Na ce, "Ta ce ka kira ta abin da ka ga dama. Ga su can sun juyo, buɗe baki."

Wannan ne wurin da yake yankewa in yana ba da labari. Ya rufe shago ya kwana biyu yana gadi a fadama, kwana biyun suka zama har ranar yanka. Shinkafa ta shiga buhu, ban da gefen yamma. Mai injin ban-ruwa ya nemi wata fadamar. Gwaggo ta auna kwano ta ba Ya Falmata, ta auna wani ta ce a ajiye wa yaron Kano in Allah ya kawo shi, ladan rabin aiki. Sifika kuwa ba ta koma shago ba har yau.

Ta ci sabuwar shinkafarta, ta yi azumi da ita, bayan salla ta kwanta, kwanciyar da ba ta tashi ba. Fadama tana hannunta har ƙarshe, kamar yadda ta ce. Bana Habu ne ya shuka ta. Gwangwanin yana rataye a rumfa, in iska ta taso yakan yi ƙara shi kaɗai, sai in juya in ba ta hanya.

Allah ya jiƙan Gwaggo Hansai, ya yafe mata, ya haskaka kabarinta. Ya Allah, ta yi gadi tun tana yarinya har muryarta ta ƙare. Ka saukar da ita a lambun da babu abin kora, ta zauna a inuwa, ta ji kukan tsuntsu gabanta bai faɗi ba. Amin.