Dawar Gidanmu

Shekarar da muka baro ƙauyenmu da ke bayan Mabai muka dawo cikin garin Ƙanƙara, Baba bai yi kukan shanu ba, bai yi kukan gida ba. Kukansa dawa ne. Mun fito a gaggauce saboda rashin zaman lafiya, da aka samu komawa kwasar kaya kuwa aka tarar da rumbu wayam.

Dawar ba irin ta kasuwa ba ce. Ja ce, wuyanta a lanƙwashe, tuwonta kuma yana kwana bai saki ba. Kakan Baba ne ya zo da ita daga arewa tun wurin yana daji, shi da jakinsa da gatari da dami guda. Ya sare dajin, ya kafa gida, daga nan ta zama al'ada duk ɗan da zai ware sai a ba shi dami ya tafi da iri.

Baba yana iya jero zuriyar tsohon nan ba tuntuɓe. Wannan ya zauna gida, shi ya haifi Baba. Wancan ya koma Pauwa. Ƙaraminsu ya yi wajen 'Yankara. Can ƙarshe sai ya yarfar da hannu ya ce, "Da wata ɗiya mace, an kai ta Sabuwa." Ita ko suna ba ta samu.

Da bazara ta kama, wani maƙwabci ya ara mana fili a bayan gari. Baba ya hana kowa sakat. Ya fita ya dubi gabas, ya dawo ya dube ni.

"In ruwa ya sauka ba iri, ta tahi ke nan," in ji shi. "A hannuna za ta mutu."

Ni mutum ne mai gajen haƙuri, na ce masa dawa ai dawa ce. Kallon da ya yi mini ya sa washegari na hau babur.

A Pauwa na samu jikokin na biyun. Sun karɓe ni hannu bibbiyu, aka dama fura, aka yi ta lissafin wa ya haifi wa. Da na kawo maganar iri sai suka kwashe da dariya, wai sun koma masara tun ina goye. Na nufi 'Yankara ranar kasuwa, na bi masu awo ɗaya bayan ɗaya ina tsoma hannu cikin buhu kamar mai neman allura. A nan na gano wani dattijo, ɗan ƙaramin. Hancinsa na Baba ne sak, har na ji ƙwalla ta taru mini. Amma shi ma waken suya yake nomawa.

"Tahi Sabuwa," ya ce. "Ɗiyar gwaggonmu na nan da ranta. Mata ba su yar da komi."

Na kwana gidansa raina a dagule, da safe na kama hanya. Hadari ya fara haɗuwa, hanyar kuma ba ta da daɗin bi, kowace kwana sai na leƙa daji kafin in wuce. Ina tafe ina mita, ina cewa tsufa dai rigima ne.

Tambaya ta kai ni wani gida a gefen gari. Na tarar da tsohuwa tana tsince wake a faifai. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Hajiya, daga Ƙanƙara nike," na faɗi ko ni ɗan wane ne. Ta ajiye faifan ta ƙare mini kallo.

"Ikon Allah! Yau 'ya'yan maza sun tuna da hanyar Sabuwa? Mi ya ƙone maku?"

Ita da Baba taubasai ne, ɗan namiji da 'yar mace, wasa tsakaninsu halak ne. Sai dai ba su taɓa haɗuwa ba, don haka duk tsiyar da ta tara ni ta sauke wa. Na shanye, na faɗi abin da ya kawo ni.

Ta miƙe da ƙyar ta ja ni madafa. A saman murhu, cikin hayaƙin da ke korar ƙwari, ga zangarniyoyi rataye, jajaye, wuya a lanƙwashe. Na matsa kusa na shafa guda.

"Maza aka ba dami," ta ce. "Uwata zangarniya guda ta ɓoye cikin kayanta ranar da aka kawo ta. Kowace damina sai na shuka bayan ɗaki."

Ta kwanto biyu ta miƙo, amma ba ta saki ba.

"Aro ne. In an yi girbi ubanka shi maido mani, kuma da ƙahwarshi, ba aike ba. In ga wanga mai lissahin dangi."

Na ce, "To, Gwaggo." Kafin in fito na tambaye ta sunan mahaifiyarta, ta faɗa mini.

A gida Baba ya karɓi zangarniyoyin ya shinshina. Da na isar da saƙo sai ya ce, "Ji tsohuwar banza," yana share ido. Ruwa ya sauka a makon, muka yi shuka.

Tun da muka dawo Ƙanƙara Baba bai yarda ya hau hanya ba, ko biki ko ta'aziyya sai dai ya aika. Amma da aka yi girbi, shi ya tashe ni neman mota. Ya zauna gaba, ya rungume dami sukutum a cinya, ya hana a sa shi a but. Muna tafe ya fara jero zuriya kamar yadda ya saba, na gida, na Pauwa, na 'Yankara. Da ya zo ƙarshe sai na ga hannun ya ɗaga, ya tsaya, ya koma kan damin.

"Kai," ya ce, bai dube ni ba. "Mi ta ce maka sunan gwaggon tawa?"