Jaye, Wanda Ya Ƙi Sa Hannu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga Satumba 2025, Allah ya karɓi ran Jaye ɗan Buba a Gidan Rumji, bayan jinyar kwana huɗu. Labarin ya same ni a Tunis, inda ba wanda ya san sunansa, balle ya yi mini gaisuwa.

Jaye, ɗan makiyaya ne kai, lakol, makarantar boko, ta kai ka har ka zama mai gwajin manhaja. Ni ne shugabanka lokacin da muka gina wadda za a rubuta dabbobi da ita kafin rigakafi. Ba ka taɓa fara gwaji ba sai an zauna an rubuta abin da ake nema, da abin da za a gani a ce an ci nasara. Namu ma'aunin sauƙi gare shi: waya ta karɓi adadin dabbobi, ta aika ba kuskure. Kai ka ƙara layi guda, cewa cikin makiyaya goma, takwas su gama rajista ba tare da an tilasta musu faɗin yawan shanunsu ba.

Na yi dariya a buro, ofishinmu. Ka ce mini, “Malam Mas'ud, ubana ya mutu ban san adadin garkensa ba. Wayarka makiyayi zai gaya wa?”

Ka hau babur har rugagen Gidan Sori. Mutum biyu kaɗai suka gama rajista. Lokaci ya ƙure mana, manya suka matsa mini, na goge layinka, na ce ka sa hannu gwaji ya yi. Ka ƙi, ni kuma na cire ka daga aikin. Da aka zo rigakafi, mai shanu tamanin ya rubuta ashirin, aka kawo allura daidai adadin da aka rubuta, ta ƙare tun kafin azahar. Manyan da suka matsa mini suka wanke hannunsu, aka bar ni da abin. Har yau ina jin zafinsu, amma ba su suka goge layin ba.

Shekara uku ban kira ka ba. Bara da tsohuwata ta kwanta a Gazawa, kai ka ɗauke ta zuwa likita a Maraɗi, ka ce kar a faɗa mini. Ta faɗa. Na sha ɗaukar waya in ajiye, ina cewa sai na dawo gida in zo da ƙafata.

Rakiya matar Jaye, ke da yara da dukan dangi, ina miƙa ta'aziyyata. Allah ya jiƙan Jaye, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makoma, ya ba ku haƙuri. Gafarar da na kasa nema a bakinsa, ga ni ina roƙon ta a wurinku. In kun ƙi, ba ku zalunce ni ba.