Tiransiston da Ya Tona Asirin Bamalli

Duk wanda ya san bayan tsohuwar kasuwa a Suleja ya san gidan nan mai doguwar eriya, wadda aka ɗaure da wayoyi ta kowace kusurwa. Gidan taubashina ne, Malam Bamalli. Uwarsa ƙanwar babana ce, don haka ni Ghali ina da ikon faɗin abin da na ga dama a kansa, shi kuwa sai dai ya yi ƙwafa.

Bamalli aikin sadarwa ya yi a Minna har ya yi ritaya. Da ya dawo gida, maimakon ya nemi benci a majalisa kamar kowane dattijo, sai ya cika ɗakin zaure da na'urori. Ba tashar rediyo ba ce. Yana da lasisinsa, magana yake yi ta iska da masu irin ciwonsa a ƙasashe daban-daban. Babban amininsa wani Khamis ne, Bahaushen Kumasi, wanda bai taɓa sa shi a ido ba. Kullum bayan la'asar sai su ɓarke da hira kamar waɗanda suka tashi gida ɗaya.

Amma shiga cikin gidan ka ga ikon Allah. Mutumin da ke surutu har Gana, a gaban matarsa Asibi bebe ne. Tun aurensu ba wanda ya taɓa jin sunanta a bakinsa. Daga "ke" sai "ina mutanen gidan?" In miya ta yi daɗi, ya suɗe kwano ya tashi, yabon ke nan. Wai shi kunya irin ta mutanen da.

Ranar da tura ta kai bango, Asibi ta tsaya a ƙofar zauren ta ce, "Malam, na gaji. Ƙarfe yana da abokin hira, ni ba ni da shi. Wani ma'aikacin Abuja, Suhaibu, yana neman ɗaki. Ƙarshen wata zai tare a nan, eriyar kuma a sauke ta."

Gidan, ko da ana cewa na Bamalli, gadonta ne, ka ga ba ta da mai ja da ita. Wallahi na tausaya masa, ko da yake sai da na gama dariyata.

Kamar abin bai isa ba, a makon nan amfilifayarsa ta yi hayaƙi. Ita ce akwatin da ke ƙara wa muryarsa ƙarfi ta kai nesa, kuma ranta wasu tiransisto ne guda biyu, kowanne bai wuce maɓallin kwat ba. Sun ƙone ƙurmus, ga shi an daina ƙera irinsu. Ba ita, ba Kumasi. Bamalli ya ce ko mene ne zai faru sai ya yi sallama da Khamis kafin a kwashe kayan.

Muka hau mota sai Madalla, shagon Olamilekan mai kayan lantarki. Ya duba ƙonannun, ya ɗauko wasu 'yan biyu masu kama da su, ya ce waɗannan za su zauna daidai. Bamalli ya ɗora su a tafin hannu yana jinjinawa, yana yatsina fuska. Can idonsa ya faɗa kan wasu ƙattai a cikin kwali, waɗanda aka ciro daga tsohuwar na'urar wata tasha.

Ya ce, "Ghali, ka taɓa ganin mai hankali ya bar rago ya yi layya da ɗan taure?"

Olamilekan ya ce, "Baba, wannan ya fi ƙarfin akwatinka o. Magana zai fantsama ko'ina."

Bamalli ya san gaskiya ce, ai aikinsa ne. Amma mutumin da duk shekara yake zaɓen ragon layyar dangi ta hanyar ɗaga shi ya ji nauyi, ina zai yarda ƙarami ya fi? Ni kuma na zuga shi, na ce da waɗannan har Makka za a ji shi. Me taubashi yake yi in ba haka ba?

Ya kwana biyu yana fama da dalma da wayoyi. Ranar Asabar ya gama, ranar da maƙwabciyarsu Tayyiba take walimar saukar 'yarta. Matan unguwa sun cika tsakar gidanta maƙil, Asibi na cikinsu tana rabon waina. An yi hayar lasifika, an ja doguwar wayarta ta bi jikin katangar Bamalli, dab da gindin eriya. Mu maza muna waje a kan tabarma.

Malama mai wa'azi ta dakata ta kurɓi ruwa. Sai lasifika ta yi ƙara, wata murya ta fito, a ɗan shaƙe kamar ta agwagwa, amma ko jariri ya san mai ita.

"Khamis, kana jina? To madalla. Sallama na zo mu yi, za a sauke eriya."

Mu ba ma jin Khamis, ɓangaren Bamalli kawai muke sha.

"A'a, kada ka ga laifinta. Asibi ta fi ni gaskiya." Wata mata ta ce la ilaha illallahu, ya faɗi sunan! "Khamis, matar nan da na yi jinya wata da watanni ita ta riƙa juya ni kamar jariri. Ko miyar kuka ta kaɗa, ta fi naman wani gida. In na ji motsinta a tsakar gida sai hankalina ya kwanta. Ka ce in faɗa mata? Haba, da girmana? Da wane bakin?"

Guɗa ta tashi, ayyiriri, har tantabarun Tayyiba suka watse. Na miƙe in je in tsayar da shi, amma ka san gwiwata ba ta son sauri. Kafin in isa ya ƙara da cewa har yau in ta ɗaura koren ɗankwalinta sai ya saci kallo.

Na leƙa na ce, "Bawana, Kumasi ta ji, Suleja ma ta ji." Da ya gane, ya zare filogi, ya zauna riƙe da kai yana salati. Kwana uku a masallacin wata unguwa ya yi salla.

Asibi kuwa, an ce ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa, ba a san dariya take ko kuka ba. Da Suhaibu ya zo da katifarsa a kan Keke Napep, ta ba shi haƙuri, ta ce ɗakin yana da mai shi.

Bayan mako Bamalli ya lallaɓa Madalla ya sayo 'yan ƙananan nan. Ina zaune yana shirin kwance ƙattan, sai ga Asibi da tsohuwar lasifika a hannu, ta aro wajen Tayyiba za ta rataya a kicin.

Ta ce, "Malam, in ka taɓa ragunan nan, ni da kaina zan sare eriya."