Ƙafar Keken da Inna Ta Ɗaura

Ranar Alhamis ce, ranar kasuwar Batsari, cikin kakar gyaɗa, saura kamar shekara huɗu Turawa su tattara komatsansu su tafi. Shekaruna goma ko kusa da haka, tunda babu wanda ya rubuta. Mun baro ƙauyenmu Yasore da sassafe, raɓa tana jiƙa mana ƙafafu, ni da Kawu Idi ƙanen mahaifiyata. Shi yana gaba da jakar sifanu a kafaɗa, ni ina biye da ƙafar keke guda ɗaya a ka, an lulluɓe ta da tsohon zane. Duk wanda muka gamu da shi sai ya tambaye mu ina muka baro sauran keken, Kawu ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. Neman aiki za mu. In an samu, gidanmu ya zauna; in an rasa, raba mu za a yi.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mai gyaran keke ne. A Katsina ya koyo tun yana saurayi, ya dawo ya kafa rumfa gindin tsamiyar ƙofar gidanmu. Keke a lokacin ba abin kowa ba ne, sai malamai da fatake da wanda gyaɗa ta yi wa kyau, amma daga ƙauyuka masu nisa ake turo masa. Mu kuwa 'ya'yansa mun ci moriyar sana'ar yadda ya kamata. Ni kaɗai ce yarinyar da ke da gargarenta na kanta a unguwarmu, ina kora shi har bakin rijiya, maza na bina suna roƙon aro. 'Yan mata na carafke da tsakuwa, ni da 'ya'yan boris na cikin ƙafar keke nake yi, ina hura hanci. Da safe mu je makarantar allo, mu dawo mu ɗebo ruwa, mu kai abinci gona, da yamma a yi gaɗa a dandali. Tsakar gidanmu warin baƙin mai da ƙamshin daddawa ne a cakuɗe, har yau kuma in na ji ɗaya sai in nemi ɗayan.

Ina da kamar shekara bakwai idon Baba ya fara dushewa. Faci da gyaran birki yana yi da lalube, amma ɗaure wayoyin ƙafa har gargare ya miƙe sak, wannan sai da ido. Sai ya riƙa shigo da irin wannan aikin cikin gida, wai rana ta yi masa yawa a waje. Inna ke riƙe masa, yana gaya mata wayar da za ta murɗa, kafin shekara ta zagayo ta fi shi. Ita gwanar kaɗi ce tun asali, ta ce ƙafar da ta karkace da mazarin da ke rawa duk ciwonsu ɗaya. Takan kafa ƙafar a bakin tsohon turmi, ta juya ta, ta kanga allin kaɗinta kusa da gargaren. Inda alli ya shafa, nan karkatar take. Masu keke su zo su karɓa suna cewa ciwon ido ya ƙara wa Baba gwaninta, shi kuma ya yi murmushi ya ce ikon Allah ne. An gargaɗe mu kada mu faɗa wa kowa, domin babu namijin da zai hau keken da ya san mace ta gyara.

Farkon daminar wannan shekara zazzaɓi ya ɗauke Baba cikin kwana biyar. Inna na cikin takaba Baffa Sani, yayan Baba, ya yanke shawara: da ta fita za a sayar da kayan aikin, ta koma gidan iyayenta a Ruma da jaririyar da ke bayanta, ƙannena maza biyu su koma wurinsa, ni kuma a kai ni Safana wurin Gwaggo. Na daɗe ina jin haushinsa, sai da na girma na gane ba mugunta ba ce. Gonarmu 'yar mitsitsiya ce, rumbu kuma ba ya kai mu bazara ko Baba na da rai. Ana cikin haka labari ya zo cewa wakilin wani kamfanin sayen gyaɗa yana neman wanda zai riƙa kula da kekunan yaransa masu shiga ƙauyuka. Inna ta aika aka kira Kawu Idi. Shi zai karɓi aikin da sunansa, ya riƙa kawowa gida, ita ta yi a bayan danga. Baffa ya yarda ya dakata zuwa kasuwa ɗaya.

Kawu Idi mutumin kirki ne, amma iyakar saninsa a keke faci da ba da iska. Kwana uku Inna na koya masa abin da ta ji daga bakin Baba game da neman aiki. “Ka riga mai aikin isa wurin, ya fito ya tarar da kai.” “Kada ka je da baki kawai, tafi da abin da hannu ya yi.” “Ka wanke riga, amma bar baƙin man da ke farcenka.” “Kada ka fara maganar lada sai shi ya fara.” Da yake Kawu ba shi da baƙin mai a farce, sai da ta shafa masa. Ta tono gargaren da ya fi kowanne lanƙwasa cikin tarkacen Baba, ta zauna a kansa tsakanin daka da girki da shayarwa, har yatsunta suka tsage tana naɗe su da tsumma. Ni aikina in miƙa wa Kawu sifanar da ta dace in an ce ya taɓa wani abu, don kada ya ɗauko wadda ba ita ba. Da za mu fita ta kama kunnena ta ce, “Ke Dije, bakin nan naki shi ne abin tsorona.” Tana da gaskiya, don tun ina ƙarama ba a gaya mini magana in haɗiye.

Mun riga wakilin isa rumfar awo kamar yadda aka ce. Dattijo ne mai furfura a gemu, ana kiransa Malam Haruna. Kawu ya durƙusa ya gaishe shi, aka tambayi gida da gajiya da haƙurin rashi, sannan na sauke kayana. Malam Haruna ya riƙe ƙafar da hannu biyu, ya sa aka juya masa, ya kanne ido ɗaya yana duba. Ta yi ta juyawa ba ko gezau. Ya kira yaransa su gani, ya ce rabonsa da ganin ɗauri irin wannan tun a hannun wani tsoho a Katsina, kuma ma wannan ya fi. Nan take ya ce wa Kawu ya zo ranar Asabar ya fara kwasar kekuna. Aiki ya samu, an gama, saura mu yi godiya mu tashi. Sai wani cikin yaran ya dube ni yana zolaya ya ce, “Ke kuma mi ya kawo ki cikin ƙarafa? Je ki taya uwarki tuƙa tuwo, shi ne iyakarku.”

Yatsun Inna na tuna, da tsumman da jini ya ɓata. Ban san sa'ad da na ce, “Ai uwar tawa ce ta ɗaura ta, Kawu bai iya ba.” Dariya ta ɓarke a rumfar. Wani ya ce shi kam ba zai bi hanyar daji a kan aikin mace ba, wani ya ce in ya faɗi ya karye da wane baki zai ba da labari. Kawu ya sunkuyar da kai. Malam Haruna bai yi dariya ba. Ya sake juya ƙafar sau ɗaya, ya jira ta tsaya da kanta, ya miƙo mini. Ya ce, “Ni na san hannun kawunki ba na wannan aiki ba ne tun da na ga yadda ya riƙe jaka. Da kin yi shiru, ɗiyata, da ni ma na yi shiru. Yanzu kuwa yarana sun ji.”

Har muka isa gida kuka nake, ƙafar keken tana kaina. Na sa rai da duka, har so nake a dake ni ko na ji sauƙi. Inna ta saurari Kawu har ya gama. Sannan ta jawo ni ta ce, “Kafin ki yi magana, mi mutumin ya ce da aikin?” Na gaya mata. Ta ce in sake faɗa, na sake. Shekara uku tana jin ana yabon hannunta da sunan wani ta bayan danga, ranar ce kaɗai aka san nata ne, kuma ranar ce ta rasa aikin. Ta share mini hawaye da bakin zanenta, nata kuma ta bar su suna zuba.

Sati bai cika ba aka sayar da kayan Baba. Aka ɗora ni a jaki zuwa Safana, ƙannena na tsaye bakin tsamiya suna kallo. Ba mu sake kwana mu biyar a gida ɗaya ba. Jaririyarmu ta rasu a Ruma ban gan ta ba, Inna kuwa sai shekara-shekara, in an yi biki ko rasuwa. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, wannan kuma ya fi mini ciwo da a ce kullum tana zagina.

Yanzu babura sun cika Batsari, kowane lungu da bakanike. Jikata ta koyi gyaran wayar hannu, ta buɗe shago da sunanta a rubuce a jikin ƙofa, maza na layi. Wasu har yau sukan leƙa su tambaye ta ina mai shagon, ta ce ga ta nan, sannan su miƙa wayar. Nakan zauna a benci ina kallonta, in ji daɗi, sai dai akwai wadda nake so a ce tana zaune kusa da ni. Kekunan da suka bi ta hannun Inna sun je Katsina, sun je Jibiya, sun keta dajin Ruma. Ita kuwa har ta koma ga Allah ba ta taɓa hawa ko ɗaya ba.