Shekarar da Gidanmu Ya Tsiro

Wata safiyar Asabar, a shekarar da na shiga aji uku, na fito wankin ido na tarar da awaki bakwai a tsaye da ƙafafun baya suna cin bangon gidanmu. Na ƙwalla ihu. Inna ta fito da muciya, Baba ya biyo ta da buta, ga ni kuma ni kaɗai na san dalili.

Gidan namu tsohon taragon jirgin ƙasa ne da aka jingine a bayan ma'aikatar gurzar auduga a Funtua, inda Baba ke gadi. Baba yana alfahari da shi ƙwarai. "Duk unguwar nan wa ke da gida mai taya?" in ji shi, alhali tayoyin sun yi tsatsa tun kafin a haife ni. Da rana ƙarfen ya gasa mu, da sanyi kuma ko jingina da shi ba ka iyawa. Wadda ta fi shan wahala ita ce Iya, mahaifiyar Baba, da aka ɗauko daga Dandume saboda ciwon gwiwa. In sanyi ya shigo gwiwoyinta sukan ƙage, sallah ma sai a zaune, kuma wannan yana cin ranta fiye da ciwon. Itacen da muke iya saye bai isa a yi tuwo a kuma hura mata kaskon wuta ba. Kwanaki da dama Inna takan zaɓi kaskon, mu kuwa mu sha gari.

Da kaka ta yi, Inna ta ce ta gaji. Ta sa muka kwaso karan dawa, ta ɗaure shi a jikin taragon, ta ce za ta yaɓe shi da laka kamar ɗakin ƙauye don ya riƙe ɗumi. Baba ya yi ta mita wai za a mayar masa da jirgi rumbu, ba wanda ya tanka masa. Ni aka aika in samo busasshiyar ciyawar da ake cuɗa laka da ita. Fadama da nisa, ga ƙawayena sun kafa 'yar gala-gala, sai na zagaya jujin ma'aikatar na cika buhu da sharar auduga. Inna ta taɓa ta ji laushi, har ta sa mini albarka. Ba ta lura cike take da gurya, wato irin auduga, ba. Kullum kuma tana yayyafa wa yaɓen ruwa kada ya tsage, ashe ban-ruwa take yi. Cikin mako guda bangonmu ya yi kore shar da tsiron auduga, labari kuma ya kai wa awakin unguwa.

Da asirina ya tonu, Iya ce ta hana a dake ni, ko da yake dariya ta kusa hana ta magana. Hukuncin da Inna ta yanke shi ne in zauna gadin bango da tsumagiya har ya bushe. Masu wucewa suna tsokanar Baba: "Malam, yaushe za a fara tsinka?" Na tsani awaki a makonnin nan, har yau ban gama yafe musu ba.

Aka toshe ramukan da awaki suka yi, laka ta bushe, sanyi ya zo. Garwashin girkin yamma kaɗai ya riƙa ɗumama ɗakin, tuwo ya dawo kullum. Wata asuba na buɗe ido na ga Iya a tsaye kan buzunta, ta yi ruku'u ta ɗago ba tare da ta dafa komai ba. Inna ta juya fuska tana share ido da gefen zane.

Yanzu ina zaune a gidan siminti, kuma 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe sun daɗe da yanka taragon. Iya kuwa damina biyu ta ƙara ta rasu. Ina kewarta sosai, amma ina samun sanyin zuciya in na tuna cewa sallolinta na ƙarshe a tsaye ta yi su.