Gudun Bulus a Duwatsun Azbin

Ranar Talatar da ta wuce Bulus ya cika shekara arba'in da huɗu da rasuwa. Ba wanda ya tuna mini. Cinyata ta hagu ce ta tashe ni da zogi, ita kuwa ba ta taɓa tashi ba tare da ta kawo mini Bulus ba. Direban gingimari ne, Kirista, ɗan duwatsun Filato, yana haya a wani ɗaki a gefen Sama Road. Ni kuma ɗan mahauta ne daga Ƙofar Rini. Farkon haɗuwarmu haƙoransa biyu na zubar, shi kuma daga baya ya sayi raina da nasa.

Yaran yanzu ba su san zamanin ba. Kuɗin mai ya shigo, gari ya cika da sababbin babura da rediyo, lebura ma ya fara cin nama ba sai da salla ba. Amma soja ke mulki, kuma sojan lokacin da bulala yake fara gaisuwa. Da idona na ga an sauko da dattijo daga mota a shataletale, an sa shi tsallen kwaɗo a gaban matarsa. Mu ma talakawa muka koyi darasin, duka tukuna, tambaya daga baya. Ga shi a Sakkwato ta wancan lokaci magidanci ba ya gudu. In ka ga mai gemu ya zura da gudu, to ko dai an biyo shi, ko kuwa ya ɗauko na wani.

Bulus bai san da wannan ba. A garinsu gudu kamar gaisuwa ne, ana hawa dutse da shi, ana sauka da shi. Da ya zo nan sai ya ci gaba da abinsa kullum da sassafe, daga shi sai gajeren wando da singileti. Wata safiya ya yanko ta Ƙofar Marke daidai lokacin da mutane ke watsewa daga masallaci. Wani ya ce ɓarawo. Har yau ban san ko wane ne ba. Ina kan hanyar mayanka da sandar kora shanu a hannu, ina ji da ƙuruciya. Na sa masa sandar a ƙafa ya kifa, yana ɗagowa na ƙara masa a baki. Sai jama'a suka rufe shi, mai dutse, mai icce, mai ƙafa. Ina ganin jini yana bin ƙirjinsa, shi kuwa ya dunƙule, ya rufe kai da hannuwa, bai ko yi ihu ba. Da wani mai shayi bai gane shi ya ce ai direban da ke kawo dankali ne ba, da a nan za a gama da shi.

Da labari ya kai wa mahaifina, bai mare ni ba, kuma da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Ya sa aka ɗauki cinyar rago, ya tasa ni gaba har ɗakin Bulus. A gabansa ya yanke mini hukunci.

“Kai kaz zubda mishi haƙora, kai za ka tsare sauran. Daga gobe duk inda zai gudu kana gaba bisa keke, kana hwaɗa ma mutane ba ɓarawo ba na. Kak ka bi bayan shi, sai a ce korar shi kaka yi.”

Haka kuwa aka yi. Ƙato da ni, ina taka keke ina shela, “Ba ɓarawo ba na! Ba ɓarawo ba na!” ga mai giɓi yana biye. Garin nan ya sha dariya. Abokaina a mahauta suka raɗa mini Sanƙiran Bulus. Wata uku Baba ya ce, na yi shekara biyu, don kafin wa'adin ya cika na riga na saba da mutumin. Ba ya yawan magana, ba ya riƙo, kuma bai taɓa ambata mini haƙoran nan ba, sai in an miƙa masa tsire mai jijiya ya ce a ba Isa, wato ni, ni ke da kayan aiki.

Yanzu in na fito da safe nakan ga manyan ma'aikata da tumbinsu suna sassarfa a kan Sama Road, da farin takalmi da gorar ruwa, wai likita ne ya ce. Har kulob gare su. Jikana ya nuna mini a waya yadda Turawa ke biyan kuɗi su je hamada su yi tseren yini guda a kan duwatsu, a rataya musu lambar yabo. Na san abin da Bulus zai yi in ya gani. Zai yi dariyar nan tasa mai fitar da iska ta giɓi, ya tambaya ko su ma akwai mai yi musu shela.

Shekarar da fari ya tsananta a arewa, makiyaya suna rabuwa da dabbobinsu kafin su mutu, mu kuma nama ya yi mana kaɗan a kasuwa. Baba ya ɗauki hayar motar Bulus, ya haɗa ni da ƙanensa, Kawu Ladan, wanda ya san ƙasar tun yana fatauci. Muka fita ta Illela, muka wuce Ƙonni da Tawa, muka bar Agadas a baya, har gindin duwatsun Azbin. Muka loda bijimai muka juyo. Yini ɗaya da juyowarmu lagireto ya fashe a wani kwari da babu tsuntsu balle mutum. Muka kwana a nan. Da asuba muka ce bari mu sauke dabbobin kafin rana ta gasa su a cikin bodi.

Ga wanda bai taɓa aikinmu ba, bijimi igiya biyu ake sa masa, ɗaya a ƙaho, ɗaya a ƙafar baya. Ran na gaba yana hannun na baya. Ina gaba, Kawu yana baya, igiyar Kawu ta tsinke. Jan bijimi ne, ƙishirwa ta haukata shi. Ƙahon ya shiga cinyata ya ɗaga ni sama, ya girgiza ni, ya maka ni da jikin mota. Na ga naman cinyata a buɗe, irin yadda na saba buɗe na dabba. Bulus ne ya janyo ni ƙarƙashin mota, ya ɗaure sama da ciwon da rawanin Kawu, ya sa ƙarfe ya murɗa har jinin ya lafa. Kawu ya duba ya ce in ba a kai ni ga likita ba, ba zan ga jibi ba. Akwai gari mai jandarmomi, 'yan sandan ƙasar, da ɗakin magani, amma ta hanyar mota zagaye ne, ko a raƙumi yini biyu. Ta kan dutse kuwa akwai yanke.

“Direba, wagga ba hanyar mutum ba ta,” in ji Kawu. “Ta awaki ta.”

“Kawu, a garinmu da mu da awaki hanya ɗaya ne.”

Ya ɗauki gora ɗaya da dabino cikin aljihu, ya tafi. Bai taɓa gudun da ya wuce zagayen gari ba. Daga baya direban jandarmomi ya ce hanyar ta haura mil arba'in. Abin da na sani game da ita kaɗan ne, don da ƙyar na riƙa tatsarsa a bakinsa. Kafin azahar takalminsa ya yage, ya yaga singileti ya naɗe ƙafafu. Ruwa ya ƙare. Ya ɓata sau biyu, kashin awaki ya dawo da shi hanya. Ya faɗi a gangare ya tsage gwiwa. Ya ce wani wurin da hannu da ƙafa ya hau, yana amai ba abin da ke fita.

Rana ta yi ja sa'ad da ya hango rijiya da mutane, ya gangaro musu da gudu. Ashe kwana biyu kafin nan an sace musu raƙuma, an kashe makiyayi. Sai ga baƙo ya fito daga cikin duwatsu ba riga, jikinsa duk jini, jinina. Ba su tambaye shi komai ba. Sanduna suka sauka a bayansa da kwiɓinsa, wani ya sa bayan takobi, wani ya tattake shi. Yana ta cewa mutum na mutuwa a kwari, ba mai ji. Wata tsohuwa ce ta tsaya a kansa ta ce su dubi ƙafafunsa. Farcen yatsu sun fita, tafin ya saɓule. Ta ce ɓarawon raƙumi a kan raƙumi yake tafiya. Sannan suka ba shi ruwa, suka aza shi a raƙumi zuwa gari. Washegari da hantsi mota ta iso gare ni, yana kwance a bayanta yana nuna hanya.

Ni na tashi da ɗingishi. Shi ya dawo Sakkwato yana fitsarin jini, kuma bai ƙara gudu ba. Ya yi shekara shida yana kumbura yana saɓewa, likita ya ce ƙoda ce. Wata rana ina zaune a gefen gadonsa na fashe da kuka, na ce ni na jawo masa. Ya ce, “Isa, ba laifinka ba ne. Mai kekena ne ba ya kusa.” Da wasa ya faɗa, amma maganar nan ta fi ƙahon shiga jikina. Da ya rasu mahauta suka tsaya cirko-cirko a bakin coci. Baba ya sa kai ya shiga, muka bi shi.

Abin da zai ɓata wa Bulus rai a yau shi ne, mun koyi gudu amma ba mu bar wancan halin ba, sai ma abin da ya ƙaru. Da damina ta bana ina bakin kasuwa na ji ihun ɓarawo. Wani saurayi ne, wai waya ya fizge. Kafin in ƙarasa da sandata sun kayar da shi, kansa ya fashe, an kawo taya, wani yana zuƙo fetur daga babur. Ban san lokacin da na kutsa na faɗa a kansa ba. Na ji icce a kafaɗata, na ji wani yana cewa a janye tsohon nan. Na riƙe shi gam, ina ta ihu da muryar da na zaci ta mutu tuni, har 'yan sanda suka iso suka tafi da shi da ransa.

'Ya'yana sun yi mini faɗa sosai. Babban ya ce, “Baba, ka san shi? In kuwa shi yas sace ta hwa?” Gaskiyarsa, ban san shi ba, wataƙila ma shi ya sata. Bulus bai bar gida ba, bai bar ɗa a garin nan ba, ko hotonsa ba ni da shi. Abin da ya bar mini ƙafar da nake ja ne, da kalmomi huɗu da Baba ya sa a bakina. Sau ɗaya aka buƙace su da gaske, a bakin wata rijiya, ba na nan. Don haka duk inda na ji an taso wa mai gudu, zan faɗe su tukuna, a yi bincike daga baya. Ba ɓarawo ba na.