Malamar Aji Ɗaya a Ɗakin Ajiya

Yara suna kiranta Malama Tsaye, don ba wanda ya taɓa ganinta zaune a aji. Tun tana amarya take koyar da aji ɗaya, har 'ya'yan ɗalibanta na farko suka zo hannunta. Benci-benci take bi. Ta kama hannun wannan ta zagaya masa cikin harafi, ta zare fensir daga bakin wancan, ta leƙa taga ta kira wanda ya daɗe a bayi. Maigidanta, tsohon direban bas, yakan ce shi dai ya ajiye tuƙi, amma ya bar mota marar birki a gida.

Sai muryarta ta fara dushewa, da farko da yamma kawai, daga baya har da safe. Likita ya ce in ba ta daina ɗaga ta ba, za ta rasa ta gaba ɗaya. Hedimasta ya mayar da ita ɗakin ajiyar littattafai, ya ba wani sabon malami ajin, saurayi dogo da bai daɗe da gama makaranta ba.

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakin da ajin, komai a kunnenta. Shi da waƙa da tafi yake koyarwa, ita kuwa a ganinta wasa ne kawai. Ta jera littattafai aji-aji, ta rushe, ta sake jerawa bisa girma. Can sai ta ɗauki alli ta kai masa, alhali bai aika ba. An jima ta koma tambayar ko tsumman goge allo ya ishe shi. Ya yi ta haƙuri, har wata rana ya biyo ta baranda, ya rusuna ya ce, "Mama, don Allah. In kin leƙo, ke suke kallo, ba allo ba."

Ranar ko abinci ba ta iya ci ba. Ta wanke tukwanen da aka riga aka wanke, har 'yarta ta tambaya ko baƙi za a yi.

Ta daina leƙe, amma zuciyarta ba ta kwanta ba. Da aka fito hutun tara sai ta tare yaran a ƙofarta, ta nuna musu rubutun jikin wani kwali, tana jiran su yi zuru. Suka haɗa baƙaƙen da 'yar waƙarsu, suka karanta. Ta rasa daɗi za ta ji ko haushi. Sai dai ta lura da wata ƙaramar yarinya a baya, bakinta na motsi tare da na kowa, idonta kuwa ba ya kan kwalin. Ta so ta gaya wa malamin, kunya ta hana ta.

Bayan 'yan kwanaki shi ya zo da kansa, riƙe da hannun yarinyar, wasu yara na biye da su. Ya ce waɗannan sun haddace waƙar tsaf amma ba su gane harafi ko ɗaya ba, shi kuma in ya tsaya kansu sauran sai su tashi ajin.

Ta nuna maƙogwaronta. "Da wace muryar?"

"'Yan kaɗan ne, Mama. Raɗa ma ta isa."

Kafin ya rufe baki ta fara ture kwalaye gefe. Ta aika aka ɗebo yashi a faranti, ta durƙusa, ta kama yatsan yarinyar suka zana harafin farko na sunanta. Yarinyar ta share, ta sake zanawa ita kaɗai, a karkace.

Duk wanda hannunsa ya faɗa sai ta mayar da shi aji ta karɓo wani. Zango bai ƙare ba ta fara sintiri a ƙofar aji biyu, tana tambaya cikin raɗa ko akwai waɗanda suka tsallake ba su iya karatu ba. Malamar ajin ta ce za ta duba. Washegari da sassafe malamar ta tarar da Malama Tsaye tana jira a bakin ƙofa.